Azumin Jaratu a Birik

Briqueterie, Yawunde
Nuwamba, 1993

Zuwa ga Kawu Nata'ala,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, da ƙafar nan da ke damunka idan sanyi ya shigo. Yaya ƙarin haƙurin Inna Afiniki? Har yanzu in na tuna ba zan ƙara jin muryarta a zumuntar mata ba, sai in ajiye abin da ke hannuna. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya. A gaishe mini da 'yata Rifkatu. Ni lafiyata ƙalau.

Kawu, kai da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙani ne, da ka ce ba ka da wurin riƙe mini yarinya, ba mai ganin laifinka. Amma ka karɓe ta, ka sa ta makaranta, ga shi matarka ta rasu ta bar ku ku biyu. Ban san da wane baki zan gode ba.

Labarin mijina Njidda bai canja ba. Tun da aka rage su daga aikin gwamnati ya zauna har ya gaji da zama, ya bi wasu abokansa zuwa Gabon. Wasiƙa ɗaya ya aiko da damina, daga nan shiru.

Don kada zama ya kashe ni, na fara kiwon kaji. Bayan ɗakina akwai ɗan fili tsakanin bango da lambatu, nan na haɗa akurki da tsohon kwanon rufi da katako. Kaji uku na fara da su da zakara ɗaya, yanzu jar cikinsu ta ƙyanƙyashe. Nakan je wurin mai injin niƙa in share masa ƙasa, ya bar mini dusar masara. Da safe su nake fara yi wa magana, don ba wani a ɗakin.

Unguwar nan, da muke ce wa Birik, kowa Hausa yake ji, amma ni kaɗai ce Kirista a layinmu. Ranar Lahadi nakan haura majami'a a unguwar Tsinga. Can kuma kowa Kirista ne, amma da Faransanci ake sujada. Sai in zauna a bencin baya da Littafina na Hausa a cinya, in an tashi in tashi, in an ce amin in ce amin. Inda ake jin bakina ba a yin addu'ata, inda ake yin addu'ata ba a jin bakina.

Roƙona ɗaya ne. Idan aka yi dogon hutu, a turo mini Rifkatu. Kajin za su iya ci da mu biyu. Hamadu mai fataucin shanu, wanda ke kawo su kasuwar Etoudi, shi zai kawo maka wannan.

'Yarka,
Jaratu

Mubi
Janairu, 1994

'Yata Jaratu,

Alheri da salama su tabbata gare ki. Takardarki ta iso, na gode Allah da kina lafiya. Ƙafa da sauƙi. Ido ne ya fara yi mini hazo, amma da tabarau ina lallaɓawa.

Rifkatu lafiya lau. Ta shiga ƙungiyar mawaƙa ta yara, ranar Kirsimati ita ta ja baiti, tsofaffin mata suka ce muryar kakarta Afiniki ce ta dawo. Ta iya tuwo yanzu, ba gudaji. In ta dawo daga makaranta tun daga bakin zaure nake jin ta tana rera wani abu, sai in san gida ya cika. 'Ya'yana na Jos da Legas sun aiko da gaisuwar Kirsimati, ba wanda ya samu zuwa.

Maganar Njidda muna sa ta a addu'a kowace safiya, ni da yarinyar. Kada ki yanke ƙauna. Namiji in ya rasa abin aikowa, kunya takan hana shi ko rubutu.

Kiwon kaji abu ne mai kyau, hannu da aiki ya fi zuciya da tunani. Sujada kuwa kada ki fasa, ko ba ki jin abin da ake faɗa. Shekaru na yi ina bishara a ƙauyukan kan dutse inda rabin masu sauraro ba sa jin Hausata, amma suna zuwa, Allah kuma ya san abin da ya kawo su.

Batun dogon hutu, 'yarki ce, ba ni da ta cewa. Idan lokaci ya yi za mu ga yadda za a yi.

Kawunki,
Nata'ala

Briqueterie
Maris, 1994

Kawu,

Ina gaisuwa, ina tambayar ido da ƙafa. Na ji daɗin labarin Rifkatu, na karanta wurin waƙar nan har takardar ta fara yagewa a ninki. Lafiyata lau, sai ɗan zazzaɓi da ya wuce.

Ka ji an karya darajar sefa. Komai ya tashi a kasuwa, masu albashi kansu suna kuka, har matan ma'aikata sun fara soya ƙosai a bakin titi. Amma Allah bai bar ni ba. Maƙwabciyata Tasalla, wadda bango ɗaya ya raba mu, mijinta Malam Maliki mai tsire ne a bakin babban titi. Ita ta ce masa, “Ga kaji a bayan gidanka kana zuwa nema har kasuwa?” Yanzu shi ke ɗaukar zakaruna, shi ke yankawa. Ni ma ba na cin kazar da ba shi ya yanka ba. Ƙwai kuma matan layi na saye.

Kwana biyu ban taka majami'a ba, tun bayan sabuwar shekara. Azumin nan da ya wuce kuwa na yi shi tare da su Tasalla, kusan daga farkonsa har ƙarshe. Da an kira magariba sai ta ƙwanƙwasa bango, in zaga, mu zauna a tabarma ɗaya da ita da yaranta, ga kunu ga ƙosai. Rabon da in ci abinci da daɗi haka tun tafiyar Njidda. Ranar Salla ta yafa mini mayafinta muka zaga gaisuwa, matan layi suna ta cewa, “Jaratu ta zama tamu.” Kawu, na samu dangi a nan.

Na gyara wa Rifkatu gado, na ɗinka labule. Tasalla ta ce za ta koya mata ɗinkin hula in ta zo. Ka gaya mata shirwa ta ɗauke mini ɗan tsako ɗaya a gabana, na bi ta da muciya ina faɗa, yaran layi suna dariya.

'Yarka,
Jaratu

Mubi
Mayu, 1994

Jaratu,

Muna lafiya. Takardarki ta zo, na karanta ta sau da yawa, ko zan ga wani abu dabam da abin da na gani da farko. Ban gani ba.

Da Musulmi na tashi, rabin danginmu su ne, Hamadu da ke kai miki wannan ya fi mini wasu 'yan'uwa na jini. Ba ni da abin faɗa a kansu sai alheri. Amma ke ni na tsaya a bakin kogi ranar da aka yi miki baftisma, mahaifiyarki tana kuka don murna. Yau kin rubuto mini da hannunki cewa kin bar sujada, kin yi azumi, ba ki cin yankan kowa sai na malami, an yafa miki mayafi an ce kin zama tasu. Ba ki ma tsaya kin nemi shawara ba, labari kawai kika ba ni kamar na shirwa da ɗan tsako.

Ke babba ce, tsakaninki da Allah. Yarinya kuwa amana ce a hannuna. Na sa ta ajin baftisma, ba za ta zo hutun nan ba. Ban gaya mata dalili ba, na ce hanya ce ba kyau saboda rigimar iyaka. Ban kuma faɗa wa kowa a majami'a ba, don kada sunanki ya shiga bakin mutane.

Ina yi miki addu'a safe da yamma.

Nata'ala

Briqueterie
Yuni, 1994

Kawu,

Ina gaisuwa. Ba zan ce ina lafiya ba, don tun da Hamadu ya miƙo mini takardarka abinci bai zauna mini ba.

Ban bar Yesu ba. Na rubuta da manyan baƙaƙe don idonka: BAN BAR SHI BA.

Majami'a da na daina zuwa, ban faɗi dalili ba ne don takarda za ta ratsa iyaka, ban san hannun da za ta faɗa ba. Tun da rigima ta tashi tsakanin ƙasashen nan biyu ake tare mutane a hanya ana tambayar takardun zama. Nawa sun ƙare, Njidda ne mai sabunta mini. Da na buɗe baki an san 'yar Najeriya ce. Wata mata a bayan layinmu an tafi da ita, sai da danginta suka sha wahala kafin a sako ta. Ni wa zai je nemana? Shi ya sa na daina fita daga Birik, inda in na yafa gyale ba mai bambanta ni da kowa.

Yanka kuwa, yaushe ka taɓa ganin na riƙe wuƙa a wuyan kaza? Njidda ne mai yi. Ba ya nan, Malam Maliki na nan.

Azumi shi ne ban san yadda zan sa ka gane ba. Ranar farko na dafa abincina da rana kamar kullum. Layi ya yi tsit, ba hayaƙi a gidan kowa sai nawa. Na zauna na sa kwano a gaba, na yi addu'a, na ɗauki loma, ta ƙi wucewa. Na zuba wa kaji. Da yamma na ji ta bango ana ta shimfiɗa tabarma, yara na rigimar cokali, Tasalla na tsawata musu. Na tsaya jikin bangon ina saurare kamar ɓarauniya. Washegari ma haka. Rana ta uku Tasalla ta leƙo neman gishiri ta same ni a wurin. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ce, “Zo ki taya ni juya ƙosai.” Daga nan na ga ba amfanin hura wuta da rana. In sun tashi salla, ni kuma in sunkuyar da kai in yi tawa cikin sunan da ka koya mini. Tasalla ta sani. Ba ta taɓa ce mini in bi ta ba ko sau ɗaya.

Yunwar mutane ce ta kai ni, Kawu, ba wani abu ba. In laifi ne ka faɗa mini, amma kada ka hukunta ni da hana ni 'yata.

Jaratu

Briqueterie
Satumba, 1994

Kawu,

Ina gaisuwa, ina gaida Rifkatu. Ban ji daga gare ka ba. Na je Etoudi da tsoro a raina ina neman Hamadu, abokan cinikinsa suka ce bai sauko ba tun da damina ta kankama. Ban sani ba ko takardata ta same ka, ko ta same ka ka ƙi amsawa. Dogon hutu ya zo ya wuce. Na cire labulen na ninke.

Ciwo ya shigo wa kaji. Daga unguwar Ekoudou ya faro, ya bi gida gida. Sai ka ga kaza ta tsaya ta saki fukafukai, wuya ya karkace, kafin wani lokaci ta faɗi. Na jiƙa musu barkono da toka, na raba masu ciwo da masu lafiya, duk a banza. Kowace safiya in buɗe akurki in kwashe. Malam Maliki ya taya ni haƙa rami a bakin lambatu cikin ruwan sama, jar laka har gwiwa. Zakaran ma ya tafi. Jar kazar nan ce kaɗai ta rage, ita ma ta rame.

Ranar Lahadi nakan yi wanka in sa zanen zumuntar mata, in ɗauki kujera in zauna a bayan ɗaki, in yi karatu in yi waƙa. A da kajin suna kewaye ni suna tsattsaga, har nakan ce musu ku yi shiru ana sujada. Lahadin da ta wuce na fara waƙa, na ji muryata ita kaɗai tana dukan kwano, na kasa kai baiti na biyu. Sai na ji Tasalla ta bango tana cewa yaranta, “Ku rage murya, Maman Rifkatu na ibada.” Ta ɗan jira, ta ce, “Ci gaba mana, muna ji.” Na ci gaba, ina yi ina share hanci.

Wani direba ya ce ya ga mai kama da Njidda yana lodin katako a tashar jirgin ruwa a Gabon. Bai yi masa magana ba. Ban san ko in yi murna ba.

Ko ba za ka turo ta ba, ka bar ta ta rubuto mini layi biyu da hannunta.

Jaratu

Mubi
Oktoba, 1994

'Yata Jaratu,

Salama gare ki. Muna lafiya, sai ido da ya ƙara rufewa. Takardunki biyu rana ɗaya suka iso. Hamadu ya kwanta ciwo a Ngaundere da ta farkon a aljihunsa, can ta biyun ta same shi ta hannun wani direba. Ba ƙin amsawa na yi ba.

Na ɗauko tabarau na kasa ganin komai sai manyan baƙaƙen nan naki. Dole na ba Rifkatu ta karanta mini, ban san abin da ke ciki ba. Da haka ta ji duk abin da na ɓoye mata. Ta karanta har wurin da kika tsaya jikin bango, sai ta sauke takardar. Na ce ta ci gaba. Ta ce, “Kaka, ai Mama ba ta iya cin abinci ita kaɗai. Ko da can in Baba ba ya nan, daga wurin wasa take kirana in zauna a gabanta, ko na ƙoshi.” Ta ƙarasa karatun, ta ninke takardun, ta ajiye mini a gwiwa. Ta ce, “Ashe ba hanya ce ba kyau ba.” Ta shiga ta ɗora tuwo, ranar ba ta yi waƙa ba.

Na yi miki mummunar fahimta, kuma na yi saurin yarda da ita fiye da yadda ya kamata. Tsoho in yana tsoron gida ya yi masa shiru, idonsa yakan ga abin da zai taimake shi. Ki yafe mini.

An yi mata baftisma a farkon watan nan, ita ta ce tana so a yi kafin ta tafi. Zara matar Hamadu za ta sauko Yawunde a ƙarshen zangon karatu, za su hau jirgin ƙasa tare daga Ngaundere. Takardar haihuwarta ta Garwa tana hannunta, 'yar ƙasar ce, ba mai tare ta. Ki mayar da labulenki.

Ki gaishe mini da Tasalla da mai gidanta. Ki ce wani tsoho a Mubi ya gode.

Kawunki,
Nata'ala

Briqueterie
Disamba, 1994

Kawu,

Gaisuwa da godiya. Ba abin yafewa tsakanin uba da 'ya, ya wuce. Rifkatu ta iso lafiya. Malam Maliki ne ya raka ni tasha. Na tsaya ina neman ƙaramar yarinya a cikin jama'a, sai wata doguwa ta taɓa kafaɗata ta ce, “Mama.”

Ta zo da halinka. Addu'ar cin abinci sai tuwo ya huce ba ta kai amin ba. Ranar Kirsimati mun yi sujada a bayan ɗaki, ita ta ja waƙa ni ina amshi, yaran Tasalla suka hau bango suna kallo. Na dafa shinkafa na aika gida gida, kwanukan suka dawo ba wanda yake wofi. Jar kazar ta murmure, na aro mata zakara, yanzu tana kwanci.

Amma akwai abin da zan gaya maka. In mun zauna cin abinci, sai in ga ta tsame nama mai taushi ta ajiye a gefen kwano. Na tambaye ta na wane ne. Ta ce, “Na Kaka,” sannan ta tuna, ta sunkuyar da kai. Jiya ta ce mini, “Yanzu wa ke karanta masa? Wa ke zama da shi in zai ci?” Abin da na yi kuka a kansa shi na bar maka.

Ka zo wurinmu, Kawu. Ɗakin ƙarami ne amma zai ɗauke mu, akwai masu duba ido a garin nan. Na Njidda har yanzu shiru.

'Yarka,
Jaratu

Mubi
Fabrairu, 1995

'Yata Jaratu, da jikata Rifkatu,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku. Ina lafiya. Ku yi haƙuri da rubutun, layin yana hawa yana sauka, da ƙyar nake ganin bakin alƙalami. Hamadu ne ya karanta mini taku.

Na gode da gayyata, amma ba zan zo ba. Afiniki tana nan bayan majami'a, kusa da ita akwai wurina. Tsohuwar bishiya ba a canja mata rami. Matan zumunta suna aiko mini da abinci, kada ku damu. Rifkatu ta cinye namanta, ta sa hankali ga Faransanci, ta riƙe uwarta.

Ranar kasuwa na fita sayen gishiri na dawo da kaji biyu, baƙa da wake-wake. Ban taɓa kiwo ba, Afiniki ma ba ta yi ba. Maƙwabta suna ta dariya, wai mai bishara ya samu sababbin 'yan majami'a. In na zauna cin tuwo sukan zo su tsaya a gabana, in gutsura musu, mu ci tare.

Abu ɗaya ya gagare ni. Da yamma ba sa yarda su shiga akurki. Sai in yi ta bin su da sanda a tsakar gida, ni ba ido ba, su ba hankali ba, har duhu ya same mu. Jaratu, ki rubuto mini da manyan baƙaƙe yadda ake kiransu su zo.

Kawunku,
Nata'ala